Jirgin da Baba Ya Tuƙa

Sparkhill, Birmingham
4 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga taubashina Ashafa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta neme ka ba, kuma ta san laifinta. Yaya Sa'adiya da yara? Yaya zaman jiran aiki? Allah ya kawo mai albarka. Mu nan lafiya lau, in ban da jikin Baba.

Na zaɓi takarda ne saboda in na fara maganar Baba a waya murya takan gudu ta bar ni. Ciwon mantuwar nan nasa ya yi nisa, Ashafa. Yana ci, yana salla in an tsayar da shi, amma bai san ni ba. "Likita" yake ce mini. In na dawo daga surgery, asibitin unguwar da nake aiki, na shiga ɗakinsa, sai ya miƙo hannu in auna shi, kamar kowane mara lafiya.

Za ka ce ai dama bai taɓa kiran sunana ba. Gaskiya ne. Ni 'yar fari ce, shi kuwa Baba Ja'afaru mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa kamar farilla take. Ina shekara biyu suka rabu da mahaifiyata, Goggo Kubura ta riƙe ni a Sakkwato. In na je hutu Zariya, yana zaune a shagonsa na kayan injin niƙa, sai ya kalli bango ya ce, "A ba yarinyar nan abinci." Shekara arba'in da huɗu ke nan, ban taɓa zama na tambaye shi komai a kan rayuwarsa ba. Da matarsa ta rasu na ɗauko shi nan, na ce yanzu za mu saba, sai ga ciwo ya riga ni.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai day centre, gidan da ake kula da tsofaffi da rana, da yake zuwa sau biyu a mako. Tallafinsu ya yanke, ƙarshen Maris za su rufe. Catherine, wadda take kula da shi a can, ta ce kafin a karɓe motarsu mai ɗaukar keken marasa lafiya, a kai shi ya ga wani abu na aikinsa na ƙuruciya. Ta ce masu irin ciwon nan wani lokaci sukan dawo hayyacinsu na ɗan lokaci in sun ga abin da hannunsu ya saba da shi. Ni likita ce, na san ba magani ba ne. Amma ina so ya dube ni sau ɗaya ya san ko ni wace ce.

Na sa maka hoto a ciki, shi kaɗai nake da shi, ka riƙe shi amana. Goggo ce ta ba ni ina 'yar firamare, ta ce, "Ga ubanki nan, jirgi yake tuƙawa." Ka gan shi a ɗakin matuƙi da hularsa. Kai da kake cika baki a kan jirage, gaya mini wane iri ne, kuma ina zan sami irinsa a ƙasar nan.

Taka,
Batulu

Longsight, Manchester
13 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga Likita Batulu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Ashe kin san hanyar gidan waya. Ni da na ɗauka sai ranar da Birmingham ta kama da wuta za ki tuna kina da taubashi a Manchester. Allah ya ba Baba sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Mu muna nan. Tun da aka rufe masana'antar, na rubuta takardar neman aiki ta fi ɗari. Injiniyan jirgin sama mai shekara hamsin ba wanda yake nemansa. Kwana uku a mako ina jera kaya a wani warehouse, wato babban sito, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ranar Asabar nakan je gidan tarihin jirage da nake taimaka musu kyauta, su ma sun rage ranakun buɗewa. A can muke wasa da tsofaffin Turawa, a rufe komai na hoto a bar ɗakin matuƙi kawai, a ce faɗi sunan jirgin. Ba a taɓa kayar da ni ba. Har na jirgin balan-balan na zamanin da, mai sitiyari irin na jirgin ruwa, na canka. Saboda haka wannan karon kin zo gidan da ya dace.

Jirgin Baba Dakota ne. Dubi tsakanin kujeru biyu, za ki ga liba shida a tsaye, biyu-biyu, wato inji biyu gare shi. Dubi gilashin gaba, falle biyu ne da suka haɗu da tsini a tsakiya, ga kamfas rataye da robobi a daidai wurin. Sitiyarin kuma kamar na mota aka gutsure samansa. Sannan ba ki ganin komai ta gilashin sai sararin sama, don ƙaramar tayarsa a wutsiya take, in yana ƙasa hancinsa sama yake kallo. Akwai irinsa a babban gidan tarihin jirage da ke yamma da ku, tafiyar ƙasa da awa ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini. Na sa gilashin ƙara girma na duba allon agogai. Ramuka ne, Batulu. An cire fiye da rabinsu. Sitiyarin kujerar dama ma babu shi. Zaman Baba kuma ban gane shi ba, ya juya gefe, gwiwar hannunsa a waje ta taga, kamar mai leƙen hanya. Ni dai a iya sanina, wannan jirgin bai tashi da Baba ba.

Ki gaida shi, ko da bai gane ba.

Naki,
Ashafa

Sparkhill
20 ga Oktoba, 2012

Ashafa,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Na gode da sunan jirgin.

Sauran maganar kuwa ban tambaye ka ba. Na san akwai wasa tsakaninmu, amma ba a kan mutumin da ba zai iya buɗe baki ya kare kansa ba. Me kake nufi? Baba ya ari hula ya hau mataccen jirgi don a ɗauke shi hoto ya yaudari mutane? Ko Goggo ce maƙaryaciya a kabarinta? Ko bara da na kira mahaifiyarka, Inna Rabi'a, gaisuwar salla, sai da ta ce, "Allah sarki Ja'afaru, mutumin da ya tuƙa jirgi yau shi ake tura wa keke." Ita ma ƙarya take yi?

Abu ɗaya na sani game da ubana, shi ne ka sa gilashi kana neman ramuka a cikinsa. Zan kai shi ya ga Dakotar.

Batulu

Longsight
2 ga Nuwamba, 2012

Batulu,

Ina gaisuwa. Na kira sau uku ba ki ɗaga ba. Wallahi ban ce Baba ya yi ƙarya ba. Cewa na yi wannan jirgin, wanda yake cikin hoton, ba ya iya tashi. Hannuna ne ya saba rubuta rahoton injiniya, ba ya sa wa magana mai. Ki yi haƙuri. Hoton yana cikin Alƙur'anina, ba abin da zai same shi.

Ashafa

Sparkhill
19 ga Janairu, 2013

Zuwa ga Ashafa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, da fatan gwiwoyi sun yi sauƙi. Na ga takardarka tun Nuwamba. Ba fushi ne kaɗai ya hana ni amsawa ba. An rage mana ma'aikata biyu a surgery, mura ta kwantar da Baba mako uku, ni kuma in na dawo gida ko biro ba na iya ɗagawa.

Mun je ranar Talata, ni da shi da Catherine. Na yi masa wanka, na sa masa babbar riga da hula, har turare na fesa masa. A hanya ina ta shirya abin da zan ce in ya juyo ya gane ni. Ka ji wauta ta mace mai furfura.

Muka tura shi har gaban Dakotar. Na durƙusa na ce, "Baba, ga jirginka." Ya dube shi kamar yadda zai dubi firij. Wani ma'aikacin wurin ya ji labari, ya yi ta murna, ya kawo mana babban hoton ɗakin matuƙin, yana nuna masa liba ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kawar da kai. Da aka kunna ƙarar inji a lasifika kuwa, sai ya toshe kunnuwa yana salati. Ya kama hannuna ya ce, "Likita, a mai da ni gida." Muka fito ko rabin awa ba mu yi ba. Catherine tana ta ba ni haƙuri, ni ina ba ta.

A mota ya huce, ya jingina da taga, ya shiga wannan karatun nasa da yake yi kullum: "Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Ƙaura." In ya kai Ƙaura sai ya juyo da su baya har Zariya. Wata shida ke nan yana yin sa. Ni dai na ɗauka garuruwan da yake wucewa ta samansu ne.

Na gaji, Ashafa. Ban san ma me nake nema a wurinsa ba kuma. Wataƙila kai ne mai gaskiya, wataƙila bai tuƙa komai ba. Na daina jin haushinka, ba ni da ƙarfin riƙe shi. Saura mako goma a rufe centre ɗin, na ce wa Catherine ta ba wani iyali ranar fita da motar da ta rage mana. Ka aiko mini da hotona in ka samu hali.

Batulu

Longsight
27 ga Janairu, 2013

Zuwa ga 'yar'uwata Batulu,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah da Baba ya tashi daga murar. Sa'adiya tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta yi mini faɗa tun Oktoba, ba sai kin ƙara ba.

Kada ki ba kowa ranar nan. Ki je wurin Catherine gobe ki karɓo abarki. Zauna ki karanta wannan a hankali.

Na karanta garuruwan da kika rubuto a cikin bas a Stockport Road, har na wuce inda zan sauka. Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Ƙaura. Wane jirgin sama ne yake tsayawa a Tsafe? Matuƙin sama ba ya haddace garuruwa a jere haka, gaba da baya. Wanda yake tsayawa a kowanne shi yake haddace su. Wannan layin dogo ne, Batulu, daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda.

Na koma gida na ɗauko gilashin nan da kika tsana. Wata uku ina kallon agogai da liba, ban taɓa kallon mutumin ba. Tambarin hularsa ba fukafukai ba ne. Ya dushe, amma na ƙura ido na ga da'ira ce da haruffa, irin ta ma'aikatan reluwe. Zaman nan kuma da na ce ban gane ba, gwiwar hannu a taga, kai a waje, haka direban jirgin ƙasa mai tururi yake zama, don tukunyar ta tare masa gaba, sai ta gefe yake ganin hanya.

Sai na kira Inna Rabi'a a Zariya. Na ce, "Inna, Baba Ja'afaru wane jirgi ya tuƙa?" Ta ce, "Jirgi mana." Na ce, "Na sama?" Sai da ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Ja'afarun da ko tsani ba ya hawa? Jirgin Ƙaura yake ja, shekara goma sha biyar, tun yana zuba kwal har ya zama direba. In ya shigo gari duk unguwa ta san usur ɗinsa." Na tambaye ta hoton. Ta ce lokacin yaƙi ne aka sa shi ya kai wasu kaya Kaduna, wani abokinsa makanike a filin jirgi ya hau da shi wani jirgi da suke cire wa kaya suna gyara wasu, ya ɗauke shi. Ta ce da hoton ya fito shi da kansa yake nuna wa mutane yana dariya, wai ga ranar da ya hau jirgin da ba ya zuwa ko'ina.

Kin gani? Goggo ba ta yi ƙarya ba, Inna ba ta yi ba, Baba bai yi ba. A Zariya ta wancan lokaci in an ce jirgi, ai na ƙasa ake nufi, wa ya damu da na sama? Ke kuma aka ba ki kalmar tare da hoton, kika haɗa su. Kin yi shekaru kina ce wa Inna "jirgi", tana ce miki "jirgi", kowa da nasa a zuci. Allura ce ta tono garma.

Ni ma da nake taƙama ba a taɓa kayar da ni ba, ga shi na canki jirgi na kasa cankar mutum.

Akwai tsohon layin dogo a Kidderminster, kusa da ku, inda har yanzu suke tayar da masu tururi don masu yawon buɗe ido. Ki tambaya ranar da za su fara na bana. Ki kai shi bakin kan jirgin sosai, inda zai shaƙi hayaƙi. Na so in zo, amma sun mai da ni aikin ƙarshen mako, kuma wanda ya ce ba zai zo ba sau ɗaya ba a sake kiransa. Ban yi miki alkawarin komai ba. Na dai san wannan karon ƙofar gidansa za ki ƙwanƙwasa.

Naki,
Ashafa

Sparkhill
24 ga Maris, 2013

Zuwa ga taubashina Ashafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida kai da Sa'adiya da yara. Ka gaida mini Inna in kun yi waya, ka ce mata ina nan zan kira, kunya ce ta hana ni. Baba yana nan yadda yake. Hoton ya iso lafiya, na gode da kwalin da ka sa shi ciki.

Da na karanta takardarka dariya na fara yi, ni kaɗai a kicin, daga nan ta juye ta zama wani abu. Na tuna ranar da na taho da shi daga Abuja, yadda ya ƙanƙame hannun kujera awa shida yana jan carbi. Na ce a raina, ciwo ne ya sa tsohon matuƙi yake tsoron sama. Ashe ranar ce farkon tashinsa, ni kuma ina gefe ina karanta mujalla.

Jiya muka je. Ita ce fita ta ƙarshe da motar, ranar Alhamis za su mai da makulli. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ga ƙanƙara a gefen hanya. Ban fesa masa turare ba wannan karon, ban kuma shirya wata magana ba.

Tun daga wurin ajiye motoci ya ɗaga kai yana shaƙar iska. Da muka shiga tasha, kan jirgin yana tsaye yana huci, baƙi ƙirin, sai ya dafa hannun keken ya miƙe. Ashafa, mutumin da sai mu biyu muke tayar da shi. Ya taka da ƙafarsa har gaban injin, ina riƙe da gefen rigarsa. Ya dubi hayaƙin da ke fita, ya dubi Baturen da ke zuba kwal, ya daka masa tsawa da Hausa: "Kai! Ka cika mata ciki! Baƙin hayaƙi asarar kwal ne, buɗe mata iska!" Baturen ya dube ni. Na fassara masa. Ya yi dariya ya ce tsohon ya yi gaskiya, ya taɓa wani abu, hayaƙin ya washe. Direban ya sauko ya cire safar hannu ya gaisa da shi. Baba ya amsa da wani Turanci da ban taɓa jin yana da shi ba, suka yi ta nuna ƙafafun jirgin suna gyaɗa kai. Catherine ta juya baya tana neman abu a jakarta, ta daɗe ba ta same shi ba.

Muka shiga tarago na farko. Ya zauna a bakin taga, ya sa na sauke gilashin duk da sanyin, ya ɗora gwiwar hannu, ya leƙa kai. Zaman hoton nan sak. Jirgi ya yi usur ya tashi.

Ni ina zaune a gabansa ina jira. Na ce ba zan sa rai ba, amma na sa. Mun yi kusan minti ashirin bai dube ni ba. Sai can ya shigo da kai, idonsa yana ruwa saboda iska, ya kalle ni sosai.

Ya ce, "Likita, kin san Gusau?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "A nan na tsaya shan ruwa, mai tasha ya fito da gudu da takardar waya a hannu. Ya ce, Ja'afaru, an haifa maka 'ya mace. Ban ce masa komai ba, mutane suna kallo. Amma da na fita gari na kama igiyar usur, ban sake ta ba sai Ƙaura. Shanu suna ta gudu a daji. Sai da aka kira ni ofis."

Ya yi dariya, har da buga gwiwa. Ban taɓa jin dariyarsa ba, Ashafa, ban san haka take ba.

Na san bai gane ni ba. Da ya gane ni da bango zai kalla. Sai na yi tambayar da baƙuwa za ta yi. Na ce, "Yaya sunanta?"

Ya waiga dama da hagu, ya matso, ya rage murya.

"Batulu," ya ce. "Sunan mahaifiyata na sa mata. Ita ma likita ce kamar ke, tana Ingila. Duk Sabon Gari ba wanda ban gaya wa ba." Sai ya ɗaga yatsa. "Amma in kin haɗu da ita, kada ki ce na kama sunanta."

Na ce masa ba zan faɗa ba.

Daga nan ya mai da kansa taga. Kafin mu dawo tasha ya yi barci, da ya farka kuma ya miƙo mini hannu in auna shi. Na auna. Yau da safe ya koma Zariya, Funtuwa, Tsafe, ni kuma ina shanya ina amsa masa Gusau, Ƙaura.

Daga mako mai zuwa ban san yadda zan yi da ranakun Talata da Alhamis ba. In ka samu Asabar ɗin da ba aiki, ka zo mu sake kai shi, ko a tasi ne. Ka zo da gilashinka in ka ga dama, na yafe masa.

Alkawarin da na yi wa Baba kuwa ina riƙe da shi. Kai kaɗai na gaya wa.

Taka,
Batulu, 'yar direban jirgin Ƙaura